Jan Farce a Kan Allura

Motar Sadisu ta girmi aurensa. Tsohuwar Fijo ce mai dogon baya, gadon ubansa, da ita yake jigilar fasinja daga Birnin Gwari zuwa Kaduna. Shekara da shekaru tana wuni a tasha ba rumfa, rana ta cinye dashbod ɗinta. Hannuwan agogo sun koɗe, allurar mai ta koɗe. Allurar da ke nuna zafin inji, wadda da ja ce jawur, ta koma ruwan toka, ta saje da fuskar mita. Ga idon Sadisu ya fara rauni, sai ya kusa manna hanci a sitiyari kafin ya gano inda take.

Wannan allura kuwa ba abin wasa ba ce a hanyarmu. A ayari motoci ke ratsa dajin saboda 'yan bindiga, kuma kowa ya san wanda motarsa ta tsaya, ya tsaya shi kaɗai. Lagireton motar, inda ruwan sanyaya inji yake, yana yoyo. Dabarar Sadisu ɗaya ce: in allura ta fara hawa kafin bakin daji, sai ya sauka a ƙauyen ƙarshe, ya ƙara ruwa, ya jira ayarin gobe, fasinja su yi ta zaginsa.

Matarsa Jamilatu ta gaji da jin ƙorafin ido. Ranar Juma'a, yana masallaci, ta ɗauko jan farcen 'yarsu Muslimat ta shiga motar. Gilashin mitar dama ya daɗe da faɗuwa. Ta shafa wa allurar, ta jira ya sha iska, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, don kada rana ta sake cinye shi.

Da ya dawo ya gani, har gemunsa rawa yake don murna.

"Kai, Maman Muslimat! Kin mayar mini da ita amarya."

"To sai ka daina tuƙi da hanci," in ji ta.

Washegari ya bi ayari. Allura na nan ƙasa, ja zur, ko motsi ba ta yi. Ya wuce ƙauyen ƙarshe yana yabon motarsa. Suna tsakiyar daji tururi ya taso daga gaba, inji ya yi tari ya mutu. Motocin baya suka kewaye shi suka wuce, direbobi na kau da kai. Ban ga laifinsu ba, amma har yau raina ɓaci yake in na tuna.

Helen, wata fasinja da ta tsira cikin ciyawa, ita ta ba da labari. Ta ce lokacin da 'yan bindigar suka fito daga cikin itatuwa, Sadisu bai ko ɗago kai ba. Ƙwanƙwasa mitar yake da yatsa yana cewa, "Ai ba ta hau ba. Wallahi ba ta hau ba." A kan kujerarsa suka harbe shi.

Bayan an yi jana'iza, Philemon bakanike ya jawo motar garejinsa. Ya taɓa allurar, ta ƙi motsi. Jan farcen ya gangara gindinta ya bushe, ya liƙe ta. Ya zare makulli ya fito.

Da ya kai makulli gidan, Jamilatu na takaba, ta yi masa magana ta bayan ƙyauren zaure.

"Oga Philemon, ya dai ga allurar da kyau ko? Abin da ke hana ni sukuni ke nan."

Philemon ya amsa mata:

"Ya gan ta, Maman Muslimat. Ja ce sosai."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Sai ta miƙo hannu da 'yar kwalba. "Ga sauran. In an sayar da motar, a ba wanda ya saya, rana ba ta da tausayi."