Shekarar da Muka Sare Zaitun Har Ƙasa

Watan Janairun 1956 ya yaudare mu, mu da itatuwanmu baki ɗaya. Rana ta yi ta fitowa kamar sanyi ya yi sallama, mijina Firmin yana aikin gona da riga ɗaya. Zaitun ma ya ɗauka lokacin toho ya yi, ruwan jikinsa ya hau har rassa. Ranar biyu ga Fabrairu da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai iskar arewa ta taso. Kafin yamma zanen gadon da na shanya ya sandare kamar katako. Sama da kwana ashirin ƙanƙara ba ta narke a kwarinmu ba.

A kwana na uku muna cin abincin rana muka fara jin ƙara daga gona, tau! tau! Na ce wane marar hankali ne yake farauta a wannan sanyi? Surukina, Baba Baptistin, ya ajiye cokali.

"Ba bindiga ba ce, Noélie," ya ce da ni. "Itatuwa ne ke fashewa."

Zaitun ɗari biyu da goma sha biyu gare mu, kuma ba mu da wani abin tinƙaho a duniya sai su. Ba cika baki ba, a duk yankinmu na Baux, a kudancin Faransa, in ana maganar man zaitun, sai an ambaci gidanmu. Da Maris ta kama, ganye ya yi ja kamar tsatsa ya zube. Baba, da shekarunsa saba'in da takwas, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kankare ɓawo da wuƙa ko zai ga kore. Bai gani ba ko sau ɗaya. Ya dawo gida ya zauna bai cire hula ba.

Maƙwabcinmu Clovis, sa'an Baba kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, shi ya fara kiran katafila. Itatuwa ɗari uku, cikin kwana huɗu aka tuge masa su, ya ce inabi zai dasa, shekara uku ya fara tsinka. Rabin gari suka bi sahunsa. Firmin ma ya je ya yi magana da direban, aka tsayar da ranar Litinin.

Ranar Asabar ya faɗa wa Baba a kan tebur.

"Kada ka tuge," in ji Baba. "Sarewa ake yi, daidai da ƙasa, a rufe kututturen da turɓaya. Sama ce ta mutu. Saiwa tana nan."

"Wa ya ce?"

"Kakana ya ba ni labari. An yi irin wannan a 1820, ubansa ya sare, suka dawo."

"Haba Baba! Yanzu da tatsuniya zan ciyar da yara uku? To in sun dawo, shekara nawa kafin mu ga mai?"

"Takwas. Ko goma."

"Goma! Kai ɗin kana da shekara goma?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Baba ya goge wuƙarsa ya tashi. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, bayan mijina nake. Tulunan mai a ɗakin ajiya saura biyu, kuma ni ce mai ɗora tukunya. Amma na ji kunyar maganar nan har cikin raina.

Litinin da safe katafila ta iso tana hayaƙi. Aka fara daga ƙasan gona, inda wasu manyan itatuwa uku suke tsaye kusa da juna, waɗanda muke kira 'Yan Uku. Baba ya tsaya can gefe da sandarsa. Direban ya ɗaura wa ɗaya sarƙa, ya hau ya ja. Itacen bai fita ba, sai sauran biyun suka girgiza tare da shi, ƙasar da ke tsakaninsu ta ɗago ta tsage.

"Kai, wannan wane irin abu ne?" in ji direban. "Na ja ɗaya, uku suna amsawa!"

Firmin ya ɗauko diga da shebur don ya ga abin da ya riƙe. Ya yi haƙa har gwiwa, sai diga ta bugi katako. Da ya share ƙasar, ga wani tsohon kututture baƙi ƙirin, faɗinsa ya fi teburinmu na cin abinci. Tsakiyarsa ta ruɓe, amma gefensa yana nan daram, kuma daga gefen nan ne itatuwan uku suka fito. Ashe duk shekarun nan itace ɗaya muke kira uku. A kan katakon ga sawun gatari nan jere, an karkata saran don ruwan sama ya gangare.

Firmin ya durƙusa yana shafa sawun da yatsa. Ya daɗe a haka. Can ya ɗago.

"Wanda ya yi saran nan bahago ne."

"Irénée sunansa," in ji Baba, da ya matso bakin ramin. "Uban kakana. Kai daga ina kake tsammani ka samo naka hannun?"

Firmin ya dubi hannunsa na hagu, wanda malamin makaranta ya sha duka da rula bai gyaru ba. Baba ya miƙa masa wuƙa, ya nuna masa wata saiwa mai kauri. Firmin ya kankare. Fara ce sol, da danshi a jikinta.

Ya fito daga ramin ya kwance sarƙar da kansa.

"Malam direba, yi haƙuri, na ɓata maka safiya."

"Kai dai ka sani," in ji direban. "Kowa na gaba, ku kuna baya."

Mako bakwai muka yi muna sara. Zarto mai hannu biyu ne, Firmin a wancan gefe, ni a wannan, har tafin hannuna ya yi kanta, na daina jin zafin tukunya. Baba yana bin mu a baya yana duba kowane kututture, in saran bai karkata yadda yake so ba sai ya sa a sake. Ban taɓa jin Firmin ya nemi gafarar maganar da ya yi ba, amma ko sau ɗaya bai yi musu ba. Tsakanin uba da ɗa a gidan nan, wannan ya isa.

Clovis kuwa ya samu abin yi. Kullum sai ya jingina da shinge yana nuna kututturan da ke jere kamar kujeru.

"Baptistin! Sannu da kujeru! Ɗari biyu ne? Yaushe za a fara bikin, in zo da matata?"

"In an tashi za a aika maka. Kai dai ka zo da ruwan inabin nan naka, mu wanke ƙafa."

Afrilu ta wuce, Mayu ta wuce, gona shiru. Muka dasa dankali da wake a tsakanin kututturan don kada a kwana da yunwa. Firmin ya rage magana, ni kuma na fara yi masa kallon na faɗa maka, alhali ban faɗa masa komai ba. Sai a mako na biyu na Yuni, ina cire ciyawa, na ga wasu 'yan tsirrai masu launin toka-toka sun faso turɓaya a gefen wani kututture. Na yar da fartanya na ƙwala ihu kamar an yi gobara. Kafin ƙarshen wata Firmin ya ƙirga, ɗari da casa'in da bakwai sun tohu. Wani kututturen ya fitar da tsiro ya fi arba'in.

Wata ranar Laraba Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya tsinko tsiro ɗaya ya soke a ramin maɓalli, ya ce in raka shi dandali. Na san abin da ya kai shi, kuma da murnata na bi shi. Wata uku ana yi mana dariya, ai lokacin ramuwa ya yi.

Dattawa suna zaune a inuwa gaban shagon shan kofi, Clovis a tsakiyarsu. Baba ya ja kujera ya zauna, ya gyara ƙirji don kowa ya gani.

"Mene ne wannan kuma, tsoho? Aure za ka ƙara?" in ji Clovis.

"Kujerun ne suka aiko a gaishe ka."

Aka fashe da dariya, ban da Clovis. Ya miƙa hannu ya zare tsiron, ya juya shi, ya murza ganye ɗaya ya sansana. Itatuwan da ya tuge, a ƙarƙashinsu ya koyi tafiya, kuma a lokacin an riga an faskara su an jibge a bayan gidansa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Baptistin, faɗa min tsakaninka da Allah. Da ban tuge ba, nawa itatuwan ma da sun tohu?"

Kowa a wurin ya san gonar Clovis ta fi ta kowa samun rana, dutse ya tare mata iskar arewa. In namu sun tohu, nasa da sun riga namu. Na zuba wa Baba ido ina jira ya ƙarasa shi.

Baba ya karɓi tsiron, ya cusa shi cikin aljihu inda ba mai gani.

"Ina! Gonarka ta fi tawa kama sanyi, Clovis. Naka sun mutu har saiwa, ni da kaina na duba."

Bai taɓa dubawa ba. An kawo ni gidan nan shekara goma sha ɗaya kafin ranar, amma a ranar ne na fara jin alfahari da sunan da ake kirana da shi. Clovis ya gyaɗa kai, ya goge ido da bayan hannu, ya ɗaga murya ya ce a kawo wa abokinsa kofi.