Ranar da Aka Kai Hajja Mastura Bakin Teku

"Ku sauko da ni a hankali, ba buhun shinkafa kuka ɗauko ba!"

Hajja Mastura ce ke faɗa daga kan kujerar roba, samarin da ke taya ta daka na saukowa da ita daga bene suna dariya. Ni kuma ina biye da jakar magungunanta, don ƙofata ce ke kallon tata a unguwar Ammariyya ta Jidda. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, a kai ta gida ta huta. Ita kuwa ta ce sai ta ga teku.

Hatim ne riƙe da gaban kujerar. Ɗan Hausawan Omdurman ne, ya iso Jidda a jirgin ruwa bayan yaƙi ya ɓarke, bayan ya binne ƙanensa Yazan a tsakar gidansu da hannunsa. Ya samu aikin dako a tashar jiragen ruwa, amma barci ya gagare shi. Sai ya kama shan giyar da ake dafawa a ɓoye, ana sayarwa cikin robar ruwa. Wata rana da azahar Hajja ta tarar da shi kwance a matakala, ko sunansa bai sani ba. Da 'yan sanda ne suka gan shi, da an mayar da shi inda ya gudo.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Washegari ta miƙa masa taɓarya.

"Hannuna ya mutu, ya waladi, ɗana. Daka mini yajin nan, gobe zan kai kasuwar Bab Makka."

Yana daka yana atishawa, har wata rana ya ambaci Yazan, ya yi kuka, ta bar shi ya yi. Daga baya ita ta raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta zauna a waje tana jan carbi. Hatim ya kawo abokinsa Zaharaddeen, Zaharaddeen ya kawo wasu, duk masu irin ciwonsa. Wani ya daina ɗungurungum, wani ya rage, wani ya koma ya sake dawowa da jajayen idanu. Abin da take cewa bai wuce, "Wanke fuskarka, turmi na jira."

A bakin teku suka ajiye kujerar dab da duwatsu. Ta sa aka sayo mata balila, dafaffen waken nan mai gishiri, ta ce a ƙara tsami. Na ce, "Hajja, likita fa ya hana gishiri."

"Latifatu, likitan yana nan? Yalla, maza ba ni cokali."

Igiyar ruwa ta fantsamo ta jiƙa mata abaya, ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. Samarin suka kama waƙar garinsu suna tafi, ita tana kaɗa kai. Da suka lafa ta yafito Hatim.

"Ranar da na tafi, abin nan zai kira ka."

"Na sani, Hajja."

"To me za ka yi?"

"Ba zan zauna ni kaɗai ba. In ya yi tsanani in koma wurin likita."

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Share mini baki."

Ranar Juma'a da hantsi ta rasu, kanta a cinyata, tana tambaya ko an zuba wa kuliyoyin layi ruwa.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta na nemi Hatim cikin masu zaman makoki, ban gan shi ba. Na leƙa ɗakinsa, na tambayi mai baƙala, wato kantin layinmu, sannan na hau rufin bene ina haki.

Yana can zaune a inuwar tankin ruwa, abokansa sun sa shi a tsakiya, ƙurar kabari ba ta bar ƙafafunsu ba. Hannunsa na rawa sosai, har shayin da aka ba shi na zubewa. Zaharaddeen ya tallafi gindin kofin da tafinsa, Hatim ya sunkuya ya kurɓa.