Gurbin Gangar Ɗanƙarami

"Tayar da moton," in ji Mai Nasara.

Tahiru ɗan kabu-kabu ya taka, ya murɗa hannu, inji ya kama ruri. Rahina na tsaye a bakin rumfar, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Haka Mai Nasara yake gwada waƙa. Shi ne babban mai tura waƙoƙi a kati a Kasuwar Dole, kuma duk Damagaram an san ƙa'idarsa. Sai ya sa sabuwar waƙa a ƙaramin bafil, lasifikar nan da 'yan kabu-kabu ke ɗaurawa a moto, a tayar da inji. In ta fi ƙarfin rurin, ya zuba ta a duk katin da zai fita daga rumfarsa, ta kai har Gaffati da Gidimuni. In ba ta fito ba, sai mai ita ya je gida ya rera wa iyalinsa.

Albom ɗin farko na ƙungiyar su Rahina, Guguwar Birni, ko a jikinsa da gwajin nan. Lokacin makaɗinsu Ɗanƙarami na raye, in kuwa ya sauke hannu a ganga, ko kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, sai ya saurara masa. Bara mota ta kife da shi a hanyar Takeita. Waɗanda suka rage suka yi albom na biyu da gurmi da jita da muryar Rahina a sanyaye, suka bar wurin gangar ba kowa.

Yanzu ga waƙar an sa, inji ya haɗiye ta ɗungurungum.

"Kin dai ji da kunnenki, ƙanwata," in ji Mai Nasara. "Wannan ai waƙar lallashin jariri ce. Ba ƙinki nake ba. Bar mini ita zuwa la'asar in sa mata ganga daga na'urar ordinata, mai ƙarfi, irin ta marigayi. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane, Yaya."

"To ke kaɗai za ki saurare ta."

Ranta ya ɓaci, kuma ta ji tsoro, don ta san ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai shiga katin Mai Nasara ba, bai shiga gari ba. Tun jiya Abdulaziz mai jita yake roƙonta ta sassauta. Amma ta kasa ganin yadda za ta tsaya na'ura tana kwaikwayon hannun mutumin da har yau gangarsa ke rataye a ɗakin uwarsa.

"Cire mini katina."

"Rahina, taurin kan nan ne zai kashe ku."

"Na ji. Ba ni."

Mai Nasara ya kai hannu zai zare katin ke nan, sai rurin ya ɗauke. Tahiru ne ya kashe moton.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Ba na jin abin da take cewa, Alhaji. Bari ta ƙare."

Gurmi ya fito fili. Waƙar ta zo wurin da Rahina ke yin shiru, inda a da ganga ke amsa mata. Tahiru na kallon titi, bai ma san yana yi ba, yatsunsa suka sauka a kan tankin moton, a hankali, a hankali, sannan ɗaya da ƙarfi, daidai yadda Ɗanƙarami ke amsawa. Rahina ta kau da kai, ta ja bakin mayafi ta share ido.

"Gwajin ya ɓaci," in ji Mai Nasara. "Ba a yi da inji a kashe." Ya zare katin ya ajiye mata a kan tebur.

Ta ɗauka ta juya za ta tafi. Tahiru ya miƙo mata salularsa.

"Tura mini ita, malama."

"Babu ganga a ciki fa."

Ya dube ta da mamaki.

"Babu? Ni kuwa na ji ta."