Wanda Ya Riga Amsawa

Auta tana durƙushe a ƙarƙashin teburin Akawu, kuncinta a jikin katako, tana laluben wayar da ke jone da kwamfuta da yatsu, sai ta ji takalman Manaja sun tsaya a bayanta. Ba ta ɗago ba. Ta san abin da zai ce, tun safe shi yake ta nanatawa.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Yallaɓai."

A ofishin nan ba wanda ke da kwamfuta ta gaske a tebur. 'Yan akwatuna ne baƙaƙe, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, kuma ba komai a cikinsu. Duk safiya in an kunna su sai su yi kira a layi, suna neman wanda zai ba su adireshi, ya kuma miƙo musu abin da za su tashi da shi. Babbar na'urar da ke ɗakin sanyi, wadda ake kira saba, ita ke amsawa. Kafin mutum ya gama gyara zama, allonsa ya haskaka, aiki ya kankama. Yau kuwa sun yi kiran, sun zubo 'yan lambobi farare a kan baƙin allo, sun tsaya cak. Can su mutu, su sake tashi, su sake kira.

Manaja ya gyara murya. "Kin san dai don darajar mahaifinki na bar miki wurin nan. Akwai kamfanin da ya daɗe yana bibiyata. Idan aka dawo daga cin abincin rana abubuwan nan suna haka, zan kira su. In kuwa suka shigo, sun shigo ke nan."

Ya juya ya tafi. Auta ta fito daga ƙarƙashin teburin, ta kakkaɓe gwiwa. Tsoro ya kama ta, ba na wasa ba. Mahaifinta, wanda kowa a ginin ke kira Injiniya, shi ya shimfiɗa kowace waya da ke cikin bangon nan, tun ita tana 'yar makaranta tana riƙe masa tocila. Bai cika shekara da rasuwa ba. Bai bar mata gida ko gona ba, wurin nan ya bar mata, ga shi yana neman suɓucewa tun ba a je ko'ina ba.

Ofishin da ba a aiki wani irin wuri ne. Fankoki suna juyawa a hankali, hasken taga ya kwanta a kan tebura, mutane sun yi tagumi suna kallon baƙaƙen alluna kamar masu jiran mota a tasha. Wani ya kifa kai ya yi barci. Wata tana ninke takarda tana warwarewa. Auta ta ratsa tsakaninsu, muryoyi suna zuwar mata daga nesa.

Ta canza waya a tebur ɗaya, ba canji. Ta shiga ɗakin sanyi, ta tarar da saba lafiyarta lau. Ta buɗe bayanan da take ajiyewa, ta ga abin da ya ɗaure mata kai: duk akwatin da ya yi kira, saba ta amsa masa, amma ba wanda ya dawo ya karɓa. Tana ta miƙa hannu ana wuce ta. Auta ta jona laftof ɗinta a bango, ta jira. Adireshi ya zo mata nan take, sai dai ba daga cikin waɗanda saba ke rabawa ba ne. Ashe akwai wani a layin da ke riga saba amsawa, kuma akwatunan nan ba su da wayo, wanda ya fara ce musu na'am shi suke bi.

Ta fito ta tsaya a tsakiyar ofis. "Don Allah, wa ya zo da 'yar na'urar intanet daga gida ya soka a bango? Ba faɗa zan yi ba, cirewa kawai zan yi."

Akawu ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni abin da na zo da shi daga gida yunwa ce kaɗai, ita ma ban soka ta a ko'ina ba."

Aka yi dariya sama-sama. Ta bi tebura ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Ta ga silifas, ta ga butar dafa ruwa da aka hana shigowa da ita, ta ga cajar waya iri-iri da takalmin da aka tuɓe don ƙafa ta sha iska. Asirin kowa ya tonu, ban da wanda take nema.

Tana cikin haka aka kama wuyan hannunta. Gwaggo ce, mai buga takardu, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin. Akwatinta ma ya fi na kowa tsufa, don ta ƙi yarda a canza mata. Hannun Gwaggo ya yi sanyi.

"Zo ki gani, 'yata. Amma ki daure."

Teburin Gwaggo yana can lungu, kusa da durowar fayil. Allonta bai tsaya inda na sauran suka tsaya ba. Ya wuce lambobin, ya yi shuɗi, a tsakiyarsa ga rubutu fari: A yi haƙuri, ina nan tafe.

Auta ta tsaya. Ba wanda ya taɓa aiki a ginin nan da bai san maganar ba. Ita ce Injiniya ke faɗa duk sa'ad da aka kira shi a waya, ko yana bakin ƙofa ko yana wancan ƙarshen gari. Da aka dame shi da tsokana a kanta, sai ya rubuta ta a tsohon tsarin, ta riƙa fitowa kowace safiya yayin da akwatuna ke tashi. Tun da aka kawo sabuwar saba ba a sake ganinta ba.

Mutane suka taru a bayanta. Akawu ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya fasa. Masinja, dattijo mai furfura, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ni dai na ce masa sannu da zuwa," in ji Gwaggo a hankali. "Me zan ce?"

Auta ta san ba fatalwa ba ce. Hankalinta ya gaya mata tsohuwar na'urar Baba ce, wadda akwatin Gwaggo kaɗai ke iya fahimtar abin da take miƙowa. Amma zuciya ba ta jin irin wannan bayani. Kewarsa ta taso mata.

"Kawu," ta ce da Masinja, "ba an fitar da tsohuwar na'urar ba?"

"Haka ya ce zai yi. Lokacin kuwa jikin ya fara matsa masa."

"An taɓa wani abu a ginin nan jiya?"

Masinja ya yi tunani. "Masu gyaran wuta sun zo. Layin soket ɗin baya da ya daɗe a mace, shi suka tayar."

Nan ta gane. Baba yana da wata ɗabi'a: duk na'urar da ya kafa sai ya saita ta yadda in an ɗauke wuta aka dawo da ita za ta tashi da kanta, ba sai ya zo ba. Layin ya mutu, na'urar ta kwanta, shi kuma ya ɗauka ta kwanta ke nan, ya bar kwashe ta sai ya ji sauƙi. Jiya wuta ta dawo mata, ta tashi ta kama aikin da aka sa ta.

Lokacin cin abinci ya yi, mutane suka soma zarewa. Auta ta koma ɗakin sanyi, ta tsaya gaban akwatin da duk wayoyin ginin ke haɗuwa a cikinsa. Nata wayoyin duk ta manna musu takarda da suna. Baba kuwa bai yarda da takarda ba, ya ce tana ɓallewa. Zare yake ɗaukowa daga gwangwanin ɗinkin Umma ya ƙulla wa kowace waya, launi daban-daban, ma'anarsu tana kansa. A can ƙasa ta hango wata mai koren zare, 'yar fitilarta tana ƙiftawa ba ji ba gani.

Ta kama ta da yatsu biyu. Ja ɗaya ya isa. Ko ɗan koyo ya san haka: ka cire, ofis ya tashi, ka nemi na'urar daga baya a tsanake. Ta daɗe a tsaye da wayar a hannu, sanyin ɗakin yana ratsa ta. Sai ta sake ta.

Bin ta ta yi. Wayar ta hau bango, ta shige silin, ta ɓullo a baranda, ta bi saman tagogi. Duk inda ta yi kwana akwai ƙullin koren zare, ya koɗe amma bai kwance ba. Auta tana tafe kanta a sama, ginin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takun Masinja a bayanta da ƙarar makullansa. Ta tuna yadda Baba ke tafiya a nan da tsani a kafaɗa, yana ƙunƙuni da waya kamar mai lallashin akuya. Wayar ta gangara bayan matakala, ta shige ta saman wata 'yar ƙofa da Auta ta sha wucewa ba ta taɓa kula da ita ba.

Masinja ya gwada makulli, ya gwada wani, ƙofar ta buɗe da ƙara. Ɗumi ya buso su, da warin ƙura mai zafi. Bayan tarin tsofaffin fayiloli, ga tsohuwar na'urar nan a kan bulo biyu don kada ruwan shara ya taɓa ta. Doguwa ce, farinta ya koma ruwan ƙasa, fankarta tana gurnani a hankali. A gefenta akwai 'yar kujerar katako, da kofin shayi da ya bushe tun tuni.

"Bari in ba ki wuri," in ji Masinja. Ya ja ƙofar bai rufe duka ba.

Auta ta zauna a kan kujerar. Ta yi mata daidai. A gaban na'urar wata 'yar fitila tana ƙiftawa, kuma ta san kowane ƙiftawa akwati ne a sama ya yi kira, aka amsa masa daga nan. Tun jiya take wannan aiki a cikin duhu, ba wanda ya gaya mata an canza komai, ba wanda ya gaya mata mai ita ya tafi. Auta ta ɗora tafin hannu a jikinta. Ɗumin ya yi kama da na goshin mutum.

"Baba," ta ce, "ka riga ni."

Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba. Hawaye ya zubo ta bar shi. Ta so a ce duniya ta tsaya haka, ita da gurnanin nan da ƙurar da ke yawo a siririn hasken ƙofa. A cikin watannin nan duka, yau ne kaɗai ta ji ba ita ɗaya ke riƙe da ginin ba.

Sai matakalar da ke saman kanta ta fara amsa takun mutane. An dawo. Ta ji dariyar Akawu, ta ji jan kujeru. Daga nan ta ji takalman da ta sani suna saukowa a hankali, da muryar Manaja yana gaisawa da wani a waya, gaisuwar mai shirin neman alfarma.

Ta goge fuska da bakin mayafi. Ta sa yatsa a kan maɓallin, ta danna ta riƙe. Fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta mutu. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya.

Can daga sama wani ya ce, "Kai, tawa ta tashi!" Wata ta amsa, "Ni ma!" Hayaniya ta bi ofishin tebur bayan tebur. Takalman suka tsaya a tsakiyar matakala. Ta ji Manaja yana cewa, "Bari dai, zan sake kiranka," sannan ya ƙaraso ya tura ƙofar.

Ya dubi na'urar, ya dubi ƙurar da ke jikin Auta, fuskarsa ta washe. "Au, wannan tarkacen ne ya hana mu sakat tun safe? To, madalla. Wurin nan naki ne, na gama magana. Wallahi kin fi mahaifinki, Allah ya jiƙansa." Ya waiwaya ya kira Masinja. "A fitar da shi baya, masu sayen ƙarafa su kwashe."

"To, Yallaɓai," in ji Auta. Yabon ya yi mata ciwo fiye da barazanar safe.

Manaja ya hau sama yana fito. Masinja ya naɗe hannun riga ya sunkuya zai ɗauka, ta tare shi.

"Bar shi, Kawu. Ni zan ɗauka."

"Da nauyi fa, 'yata."

"Na sani."

Ta zare wayoyin, ta rungumo na'urar a ƙirji, ta miƙe da ƙyar. Ta bi baranda a hankali, haɓarta a kan murfin. A ƙofar baya, inda ake tara karyayyun kujeru da matattun fankoki, Masinja ya riga ta ya share wuri da ƙafa. Ta zo daidai wurin, ta wuce. Sai Masinja ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar waje. Har ta kai bakin titi ta tsaya jiran mota, ƙarfen bai gama hucewa a jikinta ba.