Manhajar da ba ta amsa sallama

Khairiyya ta haye kan buhunan riɗi, ta ɗora kwamfuta a cinya, domin a duk kasuwar Maigatari nan ne kawai sabis ɗin waya ba ya tsallakewa Nijar. Ita ce ta rubuta manhajar da ake rajistar shanun da aka yi wa riga-kafi, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan manhajar tana mutuwa a hannun ma'aikaci guda, Malam Ɗalha.

Da safe ogansu na Kano, Injiniya Aminullahi, ya buga mata waya.

"Ki loda min rikodin mutuwar manhajar kafin la'asar. In laifin manhaja ne, ki gyara ko ki nemi wani aikin. In na mai amfani da ita ne, a sauya shi."

Ta buɗe baƙin allon nan da ba hoto ba ado, sai rubutu. Ta buga umarni, rikodin goma sha ɗaya suka jero, kowanne ɗauke da duk abin da aka danna kafin manhaja ta sheƙa lahira. Layi ɗaya ya rage ta tura su. Sai ta ce bari dai ta leƙa na farko.

A gurbin da ake sa lambar saniya, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a tsanake: Assalamu alaikum. An tashi lafiya? Yaya aiki? Yaya iyali? Gurbin da aka yi wa lamba shida! Nan take manhaja ta wuntsila. Ta duba na biyu, haka. A na bakwai ma har ya yi mata jajen rashin lafiyar jiya.

Dariya ta kama ta har buhu ya zame. Sai kuma ta daina dariyar. Mutumin nan shekara talatin yana yi wa shanu allura daga Gagarawa har Sule Tankarkar, yau gaisuwa za ta raba shi da aiki.

Ta same shi a kara, wajen cinikin shanu, ƙarƙashin rumfa, yana goge wayar aikin da bakin rigarsa.

"Baba, lamba kawai ake sa mata fa."

"Na sani, 'yata. Ai lambar na zuwa."

"To, ku fara da ita mana."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Da furfurata in faɗa wa mai aiki ba sallama? Ita ke riƙe da amanar shanun mutane. Ni dai na yi nawa. Kullum in na gaishe ta sai ta rufe min ƙofa, amma ban kai ƙararta wurin kowa ba. Na ce yarinya ce."

 Khairiyya ta koma kan buhunanta, tausayi ya cika ta. Ta rubuta umarnin gogewa, ta zuba masa ido. In ta goge, ba ta da hujja, aikinta ya tafi. In ta tura, na Baba ya tafi. Mai riɗi ya leƙo ya ce mota ta iso, za a yi lodi, ta ba su wuri. Ta share layin, ta rubuta na lodawa, ta runtse ido ta danna. Masu lodi suna janye buhuna daga ƙarƙashinta, tana ɗaga kwamfuta sama kamar mai tallan gyaɗa, har rikodin ƙarshe ya shige.

Ana kiran sallar la'asar waya ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Khairiyya, na kalla duka."

"Yallaɓai, don Allah, dattijo ne, zan koya ma..."

"Kwana goma sha ɗaya! Sa'an mahaifinki yana gaishe da abin da kika rubuta da hannunki, ko uffan? A gidanku haka ake yi?"

"A'a, yallaɓai."

"Na ba ki zuwa Litinin. Manhajar ta amsa sallama, sannan ta karɓi lamba."

Ta zauna a ƙasa inda buhunan suke ɗazu, ta jawo biro.

"Yallaɓai, yana tambayar iyali ma."

Ta ji ya ja numfashi.

"To, ki ce suna lafiya."