Filin da Nabila Ta Bari

Tun da Nabila ta fara ɗaukar hoto, ba abin da ya taɓa ba ta wahala kamar farin kwalin nan. Hotunanta baƙi da fari ne, yau za a baje su a wani zaure cikin jami'a, karon farko da sunanta zai hau bango. Gazali, mai saka hoto a firam a Sama Road, shi ya yanka mata kwalin da ke zagaye kowane hoto, fari tas, mai faɗi, don ido ya huta kafin ya kai kan hoton. Sai da aka aiko da kwalin daga Kano, kuma ya ƙare ƙaf a aikinta.

Kuskurenta ɗaya ne: ta jingine hotunan a falon gidansu a Ƙofar Kware, ta tafi duba zauren da safe.

Da ta dawo da mai keke-napep don kwasar su, sai ta tarar da mahaifiyarta, Inna Hajjo, zaune dirshan a ƙasa, wuƙar yanka albasa a hannu, kwalbar gam a gefe. Ta ɓalle bayan firam ɗin duka. Farin gefen nan da aka sha wuya a kansa ya cika da ƙananan hotunan fasfo: jikoki, Mu'az yayan Nabila da rigar bautar ƙasa, har da ɗiyar maƙwabta.

"Inna! Mi kinka yi haka?"

"Gyara niy yi miki. Wanga yaro ya cuce ki. Hoto ɗan mitsitsi, hili kamar gonar gero."

"Da gangan anka bar shi, Inna!"

"To, ni ma da gangan nic cika shi."

Takaici ya turnuƙe Nabila, ta rasa ta inda za ta fara. Da ma ta san hali. A gidan nan ko madubin sif bai tsira ba, in za ka duba fuskarka sai ka leƙa ta tsakanin jikoki. Ta kira Gazali, ya ce ko guntun kwali ba shi da shi. Ta kashe waya ta durƙusa.

Allah ya taimake ta gam ɗin bai gama bushewa ba. Ta shiga ɓamɓare fasfon ɗaya bayan ɗaya, tana goge wurin da gefen mayafinta, tana tsaki. Inna kuwa tana karɓa tana jerawa a cinya, tana faɗin ita dai ba ta taɓa ganin inda aka kori dangi daga hoto ba.

Saura babban, wanda za a rataye a bakin ƙofa, wanda ta fi ji da shi. Zauren mahaifinta ne, Malam Na'Allah baduku, ta ɗauka bayan rasuwarsa: buzunsa, basillarsa, butarsa, ba kowa. A kan farin gefen, can ƙasa, Inna ta liƙa fasfon da ya yi lokacin zuwa Hajji. Mutum ne da ba ya son kyamara, duk gidan ba su da wani hotonsa sai wannan.

Wannan fasfon kam ya bushe ƙam. Nabila ta sa farce a kusurwa ta ɗaga kaɗan, takardar ta fara tsagewa, tsagar ta nufi hularsa. Ta janye hannu da sauri.

"Shi nih hwara liƙawa," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Kin ɗauko buzu nai, kin ɗauko basilla tai, har buta. Mai su hwa? Mutane su zo su ga kaya, ba su san na wa ne ba?"

Mai keke ya danna hon a waje. Nabila ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta mayar da gilashi, ta rufe bayan firam, ta lanƙwasa ƙusoshin da wuƙar albasar. Haushin dai bai tafi ba.

"Ko daidai ba ki liƙa shi ba, Inna. Dubi, a karkace."

Inna Hajjo ta leƙo ta duba.

"Ke kin manta," ta ce. "Hakanan shika zama in shina ɗinki."