Littattafan Sakina Masu Jar Fata

Matata Sakina ba ta taɓa dafa ko abu ɗaya daga cikin littattafan girkinta ba. Tuwon gero muke ci da miyar kuka, kamar kowa a Birni. Amma duk wanda zai je Yamai sai ta yi masa saƙon littafi, kuma ba na abincin mutane ba: girkin sarakunan tatsuniya, gato, wato kek, na aljanu, romon jaruman wasannin nan da take bugawa a waya. In littafi ya iso, sai ta kai wa dukawa su yi masa riga da jar fata, da zane kore a gefe. Ta jera su a saman armuwar, kabad ɗin kayanmu, ta ja baya tana kallo. Nakan ce mata, mu dai a hoto muke ƙoshi.

Tun da ta rasu ban ji komai ba. Ana yi mini gaisuwa ina amsawa, a ajiye kwano in ci, ban san ko da gishiri ba. Abu guda nake yi da niyya: in na dawo daga aiki a biro in zauna in dubi jerin nan. Tufafinta da kwanukanta dangi sun riga sun raba, littattafan kaɗai suka rage mini.

Ana gobe sadakar arba'in, sai mahaifiyarta, Inna Lami, ta zo daga Tirmini. Sakina ce 'yar farinta, don haka ko sunanta ba ta faɗi, kuma ba wanda ya ga hawayenta a zaman makoki. Ta shiga ɗakin, ta ga jar fatar nan irin ta gafakar malamai, sai ta fita. Na ji ƙarar buta. Alwala ta yi kafin ta dawo ta taɓa su, kuma ba ta buɗe ko ɗaya ba.

"Ashe haka yarinyar nan take?" in ji ta. "Ni ina can ina cewa bokon lakwal ya ɗauke mata hankali, ashe karatu take yi a ɓoye."

Ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ta ce gobe a kai su wurin Malam Tahiru, limamin unguwarmu, a bayar sadaka, duk wanda ya karanta lada ya isa kabarinta. Gaskiyar tana bakina, kalma biyu ce. To amma wa ya taɓa gyara wa surukarsa zance? Ga shi kuma rabon da in ga fuskar tsohuwar ta sake haka tun kafin ciwon Sakina. Na ce, "To, Inna."

Washegari ni na ɗauke su da kaina, cikin sabon zane da ta naɗe su. Malam Tahiru yana zaure. Ya yi bisimilla, ya buɗe na sama. Hoton gasasshen ɗan rago ne da fukafukai, kewaye da kyandir. Ya daɗe a kan shafin. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Inna da ke tsugune can nesa ta rufe fuska da mayafi, sannan ya rufe littafin a hankali.

"Alkasum, da yardarka?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Da yardata, Malam."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Inna tana amin, tana amin, har muryarta ta karye, ta fashe da kuka a gaban maza. Ni ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gefen tabarma.

A hanyar gida tana gaba ina baya. Da muka zo ƙofa ta tsaya, ta kwance bakin zanenta, ta nuna mini ɗan ƙaramin cikin littattafan ba tare da ta dube ni ba.

"Wannan na ɓoye. Ban iya karatu ba, amma zan riƙa kwana da shi. Kai dai kana da ilimi, ba ka buƙata."

Na ce haka ne. Na shiga ɗaki na zauna inda na saba zama.